Gwangwanin da Na Kai Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ta Kamaru ba ni da sakat. In na je gidan suna a ce, "Maman Sadiq, ba mu labari." In aka tashi daga islamiyya a yi mini ca: da gaske ne burodinsu ya kai tsawon taɓarya? Da gaske ne kowa Fillanci yake yi har 'yan sanda? Ni kuwa sai in yi dariya in ce hanya ce kawai da gajiya, in miƙa ɗan sabulun tsaraba in sulale. Ladidi mai kitso har cewa ta yi na je ƙasar waje na dawo da jan aji. Ba jan aji ba ne, Ladidi, kunya ce. Labarin yana da wani wuri da in na iso shi bakina yake yin nauyi, shi ya sa na gwammace in rubuta, kowa ta karanta a ɗakinta ba tare da tana kallon idona ba.

Ƙanwata Ummi ce ke aure a can. Allah ya ba ta haihuwa bayan dogon jira, kuma ba uwa ba uba, ni ce babba, dole in je suna. Ni kuwa iyakar tafiyata a duniya Jos da Kano. Maigidan ya ce ba zai bar ni in tsallaka iyaka ni kaɗai ba, sai dai in bi Maman Rahila.

Wadda ba ta san Maman Rahila ba, katangarmu ɗaya da ita a Fadaman Mada, nan cikin Bauchi. Mutuniyar Bogoro ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara, ita ke ci da su, ita ke biya musu makaranta. Sana'arta ke nan: ta kai takalma da robobi Garwa, ta dawo da atamfa da busasshen kifi. Da na shiga na ce mata zan bi ta, ta yi murna, sannan ta kama hannuna ta zaunar da ni a bakin gado.

"Maman Sadiq, abu ɗaya zan roƙe ki," in ji ta. "Duk abin da kin ɗauka, ki gaya mini gaskiyan shi. Ni ba ni da gona, ba ni da albashi. Sunana ne nake ci da shi a hanyan nan. In na ce wa mutanen boda buhun nan takalmi ne, ba su buɗewa, don sun san ban taɓa musu ƙarya ba. Ranan da suka kama ni da ƙarya guda ɗaya, hanyan ya mutu."

Na ce mata haba, ni da zan je suna me zan ɗauka in ba zannuwan jariri ba?

Na manta da halin unguwarmu. Kafin gari ya waye kowa ya ji Maman Sadiq za ta Kamaru, sai saƙo ya fara sauka kamar ni ce motar. Wannan daddawa a ba 'yarta a Yola, waccan maganin basir a ba wani da ko sunan unguwarsu ba ta sani ba. Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, sai ga Yaya, wan maigidan, mai garejin walda a Gwallaga. Ku da kuka san gidanmu kun san tsakanina da Yaya. Tun da aka kawo ni ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya shigo ta nan na fita ta can. Na durƙusa a bayan labule muka gaisa. Ya turo wani gwangwani irin na fenti, babba, an naɗe shi da buhu an ɗaure da robar taya. Ya ce na Garba ne, wanda ya koyi aiki a wurinsa ya je ya buɗe gareji a Garwa, zai zo da kansa ya karɓa. Ya ce, "A dai kula, kada ruwa ya taɓa shi." Ya ƙara wata magana, daidai lokacin injin markaɗen maƙwabta ya tashi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ce, "To, Yaya." Wace ce ni da zan ce wa wan miji ya maimaita, balle in tambaye shi me ke ciki?

Kuma ku faɗi tsakaninku da Allah, wa ke tambayar cikin saƙo? Wanda ya tambaya ai cewa za a yi yana zargin mai saƙon, ko yana son ya ɗiba. Maganar ruwa kuwa, ko garin kunu aka ba ka sai an ce kada ruwa ya taɓa. Bayan ya tafi na ɗaga gwangwanin na girgiza, na ji abu kamar duwatsu yana kwaramniya. Akwai ɗan wari kamar na tafarnuwa, na ce na buhun ne. Na yanke wa kaina hukunci kanwa ce. Da safe Maman Rahila ta nuna shi da ƙafa ta ce, "Wannan fa?" Ban ce ina jin kanwa ce ba. Cewa na yi, "Kanwa ce," kai tsaye, kamar ni na zuba ta da hannuna. Ta ce to a haɗa da kayanta, tunda da nauyi.

Muka kama hanyar Gombe a wata bas da ta ga jiya ta ga yau. Direba ya ƙure wa'azi, Maman Rahila tana waƙar cocinsu a ciki-ciki, wani tsoho daga Miri ya riƙe zabi biyu a cinya yana ba su haƙuri duk ramin da muka faɗa. Mun wuce Alkaleri kaɗan taya ta fashe, muka sauka muka zauna a gindin bishiya. A nan na yi abin kunyata na farko. Na dama fura tun asuba na ɗura a jarka, zafin mota ya sa ta kumbura ban sani ba. Ina murɗa murfin sai ta yi tsalle ta sauka a kan wani malami mai farin boyel da ke zaune a gabana, daga hula har ƙirji. Bawan Allah ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, da dai a kofi kika ba ni." Maman Rahila ta yi dariya har da riƙe ciki, tana goge masa da ɗankwalinta tana cewa, "Malam, yi haƙuri, baƙon hanya ne, yau ta fara."

Daga Gombe zuwa Numan ba abin da zan ce sai dai ƙashin bayana ya ba ku labari. Muka isa Jimeta rana ta faɗi, muka sauka gidan wata dattijuwa 'yar cocin su Maman Rahila. Matar nan ta ba ni mamaki. Kafin in buɗe baki ta kawo sabuwar tabarma, ta cika buta, ta nuna mini alƙibla. Da aka kawo abinci ta ce in ci da kwanciyar hankali, naman daga wurin mahauci Musulmi ta saya, har sunansa ta faɗa mini. Da safe aka ba mu kunun gyaɗarsu mai shinkafa, mai kauri, da ƙosai. Na sha kofi biyu ina cewa na ƙoshi, ana ƙara mini ina karɓa. Sauron Jimeta kuwa ba na yafe masa ba.

Daga nan muka bi ta Fufore zuwa Gurin, inda ƙasarmu ta ƙare a bakin kogi. A nan na ga abin da Maman Rahila take nufi da suna. Muna sauka aka fara kiranta ta ko'ina, "Madam Rahila, an dawo?" Ta san wanda matarsa ta haihu, ta san wanda ƙafarsa ke ciwo. Aka duba takarduna, aka sa kayanmu a kwalekwale mai inji. Damina ce, kogin ya cika, kuma ruwa na kwance a cikin jirgin kansa, wani yana kwalfewa da yankakkiyar jarka. Na tuna maganar Yaya, na sa aka miƙo mini gwangwanin na rungume shi a cinya, na rufe da hijabi kamar jariri. Mutumin da ke kusa da ni yana ta zuƙar taba, ni kuma ina ta salati saboda tsoron nutsewa. Yanzu in na tuna zaman nan sai tsigar jikina ta tashi, don ba kogin ne abin tsoro ba a ranar.

A ɗaya gaɓar akwai wani jami'in kwastan dogo, su duwan suke ce musu, mai Hausa da karin Fillanci. Ya bi buhunan da sanda yana taɓawa, tana faɗa masa: takalmi, roba, roba, takalmi. Ya ƙwanƙwasa gwangwanin. Ta ce, "Kanwa ne." Ya ɗaga hannu ya ce mu wuce, Allah ya ba da kasuwa. A gefenmu kuwa an zazzage wa wani ɗan kasuwa kayansa kaf a kan yashi, yana tsugune yana gumi yana tattarawa. Ni har wani daɗi na ji, na ce lallai na biyo babbar mace.

To, ga Garwa da kuke ta tambaya. Burodin gaskiya ne, dogo ne, mai tauri, kuma a hammata suke saƙale shi ba ko leda, mutum ya gama yawonsa ya je ya ci abinsa. Fillanci ma gaskiya ne. Ni da kakata Bafulatana ce, abin da na iya bai wuce amsa gaisuwa ba, sai ga mutumin da ko kama da Fulani bai yi ba yana zuba mini shi ina zare ido. In rana ta take sai ka ga an rufe shaguna an tafi hutu, abin da ɗan kasuwar Wunti zai ɗauka alamar karyewa ce. Miyarsu ta yakuwa da kifin kogi kuwa, in na ce ba ta fi tamu ba na yi ƙarya. Su kuma suna gane mu tun daga nesa, wai ɗan Najeriya ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Da Ummi ta gan ni ta fashe da kuka, ni ma na taya ta, muka yi mai isarmu kafin in ɗauki jaririyar.

Maman Rahila ba ta sauka gidan Ummi ba. Tana da masaukinta kusa da kasuwa, gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Dada, wadda ke ba matan Najeriya 'yan kasuwa ɗakuna, da wani ɗakin ajiya a bayan gida kusa da madafa. A can muka sauke kaya, a can na bar gwangwanin don garejin Garba ya fi kusa da nan. Wajen saukewa ya suɓuce wa mai mashin ɗin da ya kawo mana kayan ya daki ƙasa, ya lotsa, na ga murfin ya ɗan ɗaga ta cikin buhun. Na ce kanwa ce, me zai same ta? Aka jingine shi a lungu, a ƙasa.

Ana gobe suna na je ɗauko Maman Rahila ta taya mu aiki. Ina shiga gidan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, muka fake a rumfa muna hira. Tsakar gidan ya cika, ina kallon ruwa yana bi ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya, ban kawo komai a raina ba. Da ruwan ya tsagaita Dada ta ɗaga hanci ta ce wa ke soya tafarnuwa haka ba tausayi? Muka yi dariya. Wata daga cikin matan ta jawo kurfotinta zuwa bakin ƙofar ɗakin, don nan ne ƙasa ta fi bushewa, ta fara fifita gawayi.

Ƙarar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Ƙofar ta ɓalle ta daki katanga, matar ta faɗi can gefe, Allah ya tsare ta, sai ga wuta tana fitowa daga lungun da na ajiye gwangwanin.

Kun san mu da gobara. Ba a tsayawa tambaya, wanda ya tsaya kallo ma har abada ana tuna masa. Muka ɗauki ihu, "Gobara! Gobara!" kowa ta rarumi abin da ta samu, bokiti, baho, tukunya. Ruwa ga shi nan ko'ina, an tara na sama a duro. Ni ce a gaba, na ɗaure hijabi a ƙugu, ana miƙo mini ina watsawa. Amma duk bokitin da na watsa sai wutar ta yi wani huci ta miƙe ta fi da, ƙasan wurin yana tafasa yana fitar da farin kumfa. Maimakon in tsaya, sai na ce ruwan ne bai isa ba, na daka wa matan tsawa su ƙara hanzari. Buhunan takalma suka kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Maman Rahila ta ga jarinta yana ci, ta kutsa ciki da rarrafe, hannuwanta cikin wannan farin ruwan, tana jawo buhu tana jefowa waje.

Haka 'yan kwana-kwanansu suka same mu. Babbansu wani gajere ne mai furfurar gashin baki. Ya tsaya a bakin ƙofar gida, bai ko sa an warware tiyo ba, ya shaƙi iska. Ni har na ja tsaki, na ce ga mota cike da ruwa mutum ya tsaya shaƙar hanci. Ya tambaya da Hausa, "Me ke cikin ɗakin nan?" Maman Rahila tana haki ta ce, "Takalmi, roba, da kanwa." Ya ce, "Kanwa ba ta wannan warin, kuma ba ta tafasa." Ya juyo ya gan ni da bokiti a sama zan watsa, ya kai hannu ya buge shi ya faɗi can, ruwan ya jiƙe ni. "Kada wanda ya ƙara zuba ko ɗigo! Ku ne kuke ciyar da ita!"

Ya kore mu duka zuwa ɓangaren da iska ke tahowa. Ya sa aka kashe wutar lantarkin gidan, aka kashe duk murhun da ke maƙwabta, aka hana kowa ƙyasta ashana. Mutanensa suka zo da dogayen sanduna masu ƙugiya suna jawo buhunan da ke ci zuwa can ƙarshen tsakar gida, a can ne kawai suka sa musu ruwa. Lungun gwangwanin kuwa wani farin gari suka fesa masa daga jan tulu, sannan aka kwaso busasshen yashi daga rumfar wani mai gini aka yi ta zubawa a kewaye. Daga nan suka ja baya suka tsaya suna jira ya gama numfashinsa. Mu a wurinmu da yawan ruwa ake gane an yi aikin gobara, su kuma aikin nasu rabi duk tsayuwa ce da hana mutane matsowa.

Sai da wuri ya lafa ya ce mana kabaid ne, dutsen da masu walda ke jefawa cikin ruwa ya ba su iskar da suke hura wuta da ita. Ruwa shi ne abincinsa. Ina jin kalmar walda na tuna Yaya. Sau nawa na wuce ta gaban garejin Yaya na ga farin tokar nan a zube a bakin kwata? Da na yi tunani na minti ɗaya a kan mai walda yana aika wa mai walda duwatsu, da na gane.

Sai a lokacin muka lura da hannuwan Maman Rahila. Sun yi ja, fata ta fara salewa, farin abin ya manne tsakanin yatsunta. Nan ma muka tashi da namu taimakon: wata ta fasa ƙwai, wata ta kawo manja, ni na ruga neman man goge baki. Mutumin nan ya ce duk mu mayar. Ya zare mata zobe da awarwaro, ya sa busasshen ƙyalle ya kakkaɓe gutsattsarin da suka manne, sannan ya kai ta bakin famfo ya sa hannuwan a ƙarƙashi. Ruwan da ya hana mu zuba wa wuta shi ya sa aka yi ta kwarara mata, har na gaji da tsayuwa bai ce a rufe ba. Ya ce ko ruwan batir ne, ko sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, in ta taɓa jiki haka ake yi, ruwa mai yawa, a daɗe, ba mai ba ƙwai, sannan asibiti.

Yanzu na iso wurin da nake gudu.

Jandarma biyu, 'yan sandansu ke nan, suka shigo, aka tara mu a rumfa. Ɗayansu ya nuna ragowar gwangwanin ya ce, "Na wane ne wannan? Wa ya shigo da shi ƙasar nan?" Na san amsar, Maman Rahila ta san amsar. Amma sai na ga abin da zai biyo baya. In na ce nawa ne za a ce wa ya ba ni, in kama sunan Yaya da bakina a gaban 'yan sandan wata ƙasa. A kama Garba. Dangin mijin Ummi su ji yayarta ta zo suna ta kwana a ofishin jandarma, su riƙe mata wannan har ta tsufa. Duk wannan ya wuce ta kaina. Maman Rahila ta dube ni, ba ta ma daɗe tana kallon ba. Ni na dubi ƙasa.

"Nawa ne," in ji ta. "Cikin kayana ya shigo."

Aka kai ta asibiti aka naɗe hannuwan, daga nan aka wuce da ita ofis, ba su sake ta ba sai da ɗan Dada ya tsaya mata. Dada kuwa ta ce ba ta riƙe ta a zuciya ba, amma ta nemi wani masaukin daga yau, ita marayu gare ta a gidan. Garba ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Da na kira maigidan na faɗa masa, ya kira wansa ya sake kirana, ya ce Yaya ya rantse ya faɗa mini kabaid ne, har ya ce in gaya wa abokiyar tafiyata. Maganar da injin markaɗe ya cinye ke nan, wadda na amsa da "To, Yaya."

Washegari aka yi suna. Na sa sabuwar atamfa, mata suna ta yaba ni, wai yayar kirki da ta ƙetaro kogi saboda ƙanwarta. Da hantsi sai ga Maman Rahila, hannuwa a naɗe kamar ta sa safa, ta zo da 'yar rigar jariri a leda ta rataya a wuyan hannu. Ba ta iya riƙe cokali, Ummi ce ta zauna tana ba ta shinkafa a baki, tana cewa, "Sannu Mama, wannan wace irin ƙaddara ce." Ita kuma tana cewa ba komai, Allah ya raya. Ni ina gefe da faranti a gabana, ko loma ɗaya ban kai baki ba. Wallahi da zagina ta yi a gaban mutane da ya fi mini sauƙi.

Da muka juyo gida labari ya riga mu isa bakin kogi. Dogon jami'in nan yana nan, amma babu "Madam Rahila" a bakinsa. Ya ce a sauke komai. Ɗan abin da ta samu ta saya da kuɗin takalman da suka tsira, da jakar kayan sawarta, duk ya ce a buɗe. Ba ta iya kwance ƙulli da hannuwan nan, ni na durƙusa ina kwancewa ina shimfiɗawa a kan yashi, har kayan cikinta, a gaban masu jirgi da masu mashin da suka san ta shekara da shekaru. Ta tsaya ta kafe ido a kan ruwa. A nan ne bakina ya buɗe. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, gwangwanin nan ba nata ba ne. Ni na kawo shi, ni na ce mata kanwa ce. Ba ta san komai ba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Hajiya, kowa yana son ya rufa wa ƙawarsa asiri. Da bakinta ta ce mini kanwa. Da bakinta ta ce wa jandarma nata ne. Ke ina kike a lokacin?" Na ce ina wurin. Ya ce, "To." Ya juya gare ta ya ce daga yau duk abin da ta zo da shi, ko allura ce, sai an zazzage, kuma ya sanar da na gaba da na bayansa.

A cikin kwalekwale na fara ba ta haƙuri ina kuka, mutane suna kallo. Ta bari na yi na gama. Sannan ta ce, a hankali, "Maman Sadiq, ki bar shi haka. Ranan da jandarma suka tambaya ne nake son bakin nan naki."

Daga nan har Bauchi ba ta ƙara tayar da maganar ba. A hanya ni ke ba ta ruwa, ni ke gyara mata ɗankwali, in na saya mata abinci ta ci ta ce na gode. Yaya ya zo har gida ya duba ta, ya kawo abin da ya kawo, ta karɓa ta yi godiya. Ni kuma kullum da safe nakan zagaya in wanke mata tukwane, in shafa mata maganin da aka ba ta a asibiti. Hannuwan suna warkewa, an ce yatsu biyu ne za su ɗan ƙage. Muna hirar tsadar tumatir, muna hirar yara, kamar ba abin da ya faru.

Shekaranjiya ina zaune a tsakar gidanta ina shafa mata maganin, sai muka ji hon a ƙofa. Ɗanlami ne, mai keken da ya saba kai mata kaya tasha duk farkon wata, ba sai an kira shi ba. Ya yi hon ya sake yi, sannan ya leƙo ta zaure ya ce, "Mama, a fito da kayan?"

Ta ce, "Ka wuce, Ɗanlami. Ba tafiya."

Ya ce, "To sai wani watan ke nan?"

Ta juyo wurina. Ta miƙo mini ɗaya hannun.